Bakteriyar da na gayyato cikin kwalbar okid ta ƙi tafiya, ina nake kuskure?

Mai_Kwalba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo da matsalar da ta hana ni barci, don na san a zauren nan akwai waɗanda suka daɗe a harkar renon tsiro cikin kwalba. Ina aikin digiri na biyu ne a kan furen okid, jinsin Phalaenopsis. So nake in shigar da sabuwar ƙwayar gado cikin tsiron ta hanyar bakteriyar Agrobacterium. Ina amfani da 'yan korayen dunƙulen naman okid ɗin nan da muke kira PLB, nau'in bakteriyar EHA105, filasmid ɗin kuma, wato ɗan zoben DNA mai ɗauke da ƙwayar gadon, pCAMBIA1301.

Ga yadda nake yi. Ina renon bakteriyar dare guda a digiri 28 har kaurin ruwan ya kai 1.0 a na'urar auna haske. Sai in tsoma dunƙulen a ciki awa ɗaya, in kwashe in jera a faranti mai asetosiringon, sinadarin da ke zaburar da bakteriyar ta tura DNA, in bar su tare kwana 5 cikin duhu, a na'urar ɗumamar da nake renon bakteriyar. Daga nan in wanke, in mayar da su kan abinci mai sefotaksim (maganin kashe bakteriyar) miligiram 250 a lita da haigiromaisin (dafin da ke kashe naman da gadon bai shiga ba) miligiram 25.

Kwanakin farko lafiya lau. Wajen kwana na 10 sai wani farin yauƙi kamar madara ya fara tsattsafowa daga gindin kowane dunƙule, kafin kwana biyu ya malale farantin. Waɗanda yauƙin bai taɓa ba kuma sai su yi ruwan ƙasa, su baƙe, su mutu. Sau 3 ke nan, wata 7 na aikina ya tafi a haka. Don Allah ina matsalar take?

TsohonLab:
Wa alaikumus salam 'yata. Tun kafin in kai ƙarshen bayaninki na ga abu biyu. Kwana 5 ya yi yawa, kuma digiri 28 na bakteriya ne, ba na haɗuwarta da tsiro ba. A wannan zafin ita dai hayayyafa take yi, ba aikin da kika kira ta take yi ba. Ki sauko zuwa 22, in babu hali 25, kuma kada ya wuce kwana 3. Na yi shekaru ina shirya wa ɗalibai faranti, kusan duk wanda ya zo min da wannan kukan, a nan ya zame.

ɗan_tambaya:
Ku yi min afuwa, ni ba ɗan fannin ba ne amma ina biye da ku. Da gangan ake zuba ƙwayar cuta a kan tsiro? Ni na ɗauka duk wahalar da kuke sha ta wanke hannu da turara kwalabe don a kore ta ne.

Dr_Saiwa:
@ɗan_tambaya tambayarka na kan hanya. Wannan bakteriyar daban take. A cikin ƙasa take rayuwa, kuma idan ta sami rauni a gindin tsiro kamar inabi, tuffa ko furen wardi, sai ta manne a wurin ta yanko wani ɗan guntun DNA daga jikinta ta tura cikin ƙwayoyin tsiron. Guntun ya shige cikin kundin gadon tsiron ya zauna. Umarni biyu yake ɗauke da su: ƙwayoyin su yi ta rabuwa har su zama ƙari, kuma su riƙa dafa wani abinci da bakteriyar ke ci. Shi ne ƙullutun da ake gani a gindin itacen.

Abin da masana suka yi shi ne suka cire umarnin da ke kawo ƙarin, suka bar mata dabarar turawa. Duk abin da ka ɗora tsakanin iyakokin guntun nan biyu, ta dama da ta hagu, za ta kai shi. To ka ga 'yar aike ce. Wahalar ita ce idan ta isar da saƙon dole a sallame ta, in ba haka ba ta cinye abincin da aka zuba wa tsiron ta kuma shaƙe shi. Wurin sallamar ne 'yar'uwarmu ta maƙale.

ɗan_tambaya:
Ikon Allah. Na gode Dakta, yanzu na gane.

Alƙalami:
Bari in ƙara kaɗan a kan bayanin Dakta. Tun 1907 Erwin Smith da abokin aikinsa Townsend a Amurka suka nuna bakteriya ce ke kawo wannan ƙarin, amma aka shafe kusan shekara 70 ba a san yadda take yi ba. A 1974 ƙungiyar Marc Van Montagu da Jozef Schell a Jami'ar Ghent ta Beljiyam ta gano babban filasmid ɗin da ke cikinta, a 1977 kuma Mary-Dell Chilton da abokan aikinta suka tabbatar guntunsa yana shiga cikin DNA ɗin tsiron. Zuwa 1983 aka samu tsiron farko da aka sauya ta wannan hanya, ganyen taba ne. Abin da ya shafi matsalar Malama shi ne an daɗe ana ganin bakteriyar ba ta kama dangin tsiron da irinsu ke da ganyen farko guda ɗaya, wato su shinkafa da masara da okid. Sai a 1994 masu bincike a Japan suka yi nasara sosai a kan shinkafa. Don haka okid ɗin farko da aka sauya, Dendrobium a Hawaii a 1992, da bindigar harba DNA aka yi, ba da bakteriya ba. Na Phalaenopsis da bakteriya sai a 2000, aikin Belarmino da Masahiro Mii a Jami'ar Chiba. Ki kwantar da hankalinki, tsiro mai taurin kai kika ɗauko.

Mai_Kwalba:
@TsohonLab na gode Baba. Dalilin da ya sa na kai kwana 5, a karon farko na yi kwana 2 na gwada rinin GUS, wanda ke mayar da naman da saƙon ya shiga shuɗi, ban ga ko ɗigon shuɗi ba. Sai na ɗauka lokacin ne bai isa ba.

TsohonLab:
Ba lokaci ba ne 'yata. In ƙofar ba ta buɗe ba a kwana 2, ƙarin kwana ba ya buɗe ta. Ki duba waɗannan: asetosiringon ɗin yaushe kike zubawa, kafin turarawa ko bayanta? Ma'aunin tsamin abincin, wato pH, nawa ne? Sannan dunƙulen da kike ɗauka, yaushe rabonsu da sabon abinci?

Mai_Kwalba:
Bayan turarawa nake zubawa, maikiromola 100, idan abincin ya huce. Tsami 5.8. Dunƙulen kuwa gaskiya wasu sun kai wata 2 a kwalba ɗaya, har sun fara fitar da ɗan ganye.

Dr_Saiwa:
To ga ɗaya nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dunƙulen da ya fara ganye ya riga ya kama hanyar zama tsiro, fatarsa ta yi kauri, ƙwayoyin da ke rabuwa sun ragu. Bakteriyar kuwa ƙwayoyin da ke tsakar rabuwa take fi samun shiga. Ki zaɓi ƙanana, masu sheƙi, kore mai haske, ki raba su biyu a kwance da wuƙa mai kaifi, ki ɗora a sabon abinci kwana 2 ko 3 kafin ki haɗa su da bakteriyar. Yankan yana da amfani biyu: yana buɗe rauni, kuma daga gefen raunin ne sababbin dunƙule za su fito.

Lambar pH kuma ki saukar zuwa 5.2 ko 5.4, wato ki ɗan ƙara tsami, a farantin haɗuwa kaɗai. Bakteriyar tana gane ta iso raunin tsiro ne ta alamu uku: tsami, sukari, da sinadarin da rauni ke fitarwa. Okid ba ya fitar da irin na taba yadda ya kamata, shi ya sa muke ba ta asetosiringon a madadinsa.

Tauraro77:
Ni dai shawarata ki bar PLB gaba ɗaya ki koma iri. Ki shuka iri a faranti, da zarar sun kumbura sun zama 'yan ƙananan furotokom, wato dunƙulen farko kafin ganye ya fito, bayan 'yan makonni, ki zuba musu bakteriyar. Mutanen Chiba sun bi wannan hanyar ta yi musu aiki. Kwanso ɗaya na okid yana ɗauke da iri dubbai barkatai, ƙanana kamar ƙura, ba za ki taɓa rasa abin gwaji ba.

Dr_Saiwa:
@Tauraro77 gaskiya ne, amma ka faɗi rabin maganar. Kowane iri halinsa daban ne da na uwarsa. Idan manufarta ta nuna ƙwayar gado na aiki ne kawai, iri ya wadatar. Idan kuwa akwai wani zaɓaɓɓen nau'i da ake so a gyara masa abu ɗaya a bar sauran, dole sai PLB, don su ne kwafin uwar.

Mai_Kwalba:
Zaɓaɓɓen nau'i aka ba ni Dakta, ba ni da zaɓi a nan.

Gaskiya_Ɗaya:
Ni tambayata daban ce, kuma ba raini ba ne ga aikinki Malama. Duniya cike da yunwa, a ce masu ilimi irinku kuna ƙarar da shekaru a kan furen kallo? Wa zai ci okid? Da wannan basirar aka sa a hatsi ai da ya fi.

UwarFure:
@Gaskiya_Ɗaya Malam, banila da ake sa wa kayan ƙamshi da na zaƙi a duniya 'ya'yan okid ce. Manoman Madagaska da yawa a kanta suke rayuwa, kuma da yake da yanka ake yaɗa ta ba da iri ba, kusan duk gonakin jini ɗaya ne, cutar ruɓar saiwa ta Fusarium in ta shiga ba ta da mai tare ta. Ka ga duk dabarar da aka koya a kan Phalaenopsis tana iya amfanar ta. Ban da wannan, furen kallon ma sana'a ce babba a Taiwan da Tailan da Holan, iyalai nawa ke ci daga gare ta.

Ni ba masaniya ba ce, reno kawai nake yi a tukwane shekara da shekaru. Amma na san zafin bairos. Na taɓa samun wata shuka a hannun wani mai sayarwa, ganyenta da 'yan zane-zane rawaya, ban kula ba. Almakashi ɗaya nake yanka da shi. Cikin shekara guda tukwane 6 suka kamu, furanni suka riƙa fitowa da tabo baƙi-baƙi. Babu magani, sai dai na ƙona su. Wadda ta fi daɗewa a hannuna tana ciki. In akwai wanda zai samar da okid da bairos ba ya kamawa, ni kam addu'a zan yi masa.

Tauraro77:
Hajiya, bairos biyu ne suka fi addabar okid, CymMV da ORSV, kuma ta almakashi da hannu suke yaɗuwa kamar yadda kika ce. An gwada saka wa tsiron ƙwayar gadon rigar bairos ɗin kansa don jikinsa ya gane shi ya kashe. Dabarar ce ta ceci gwandar Hawaii a 1998 lokacin da bairos ya kusa gama gonakinsu. A okid an samu sakamako a ɗakin gwaji.

Gaskiya_Ɗaya:
Na karɓi maganar banila, ban sani ba. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da a ɗauko gadon wata halitta a cusa wa wata ba. Akwai iyakar da ya kamata ɗan Adam ya tsaya.

Alƙalami:
Damuwarka ba ta banza ba ce, mutane da yawa suna da ita. Abu ɗaya zan sa maka a sikeli. A 2015 masu bincike daga Jami'ar Ghent da cibiyar binciken dankali ta duniya da ke Lima a Peru suka duba nau'o'i 291 na dankali mai zaƙi, suka sami guntun DNA ɗin Agrobacterium zaune a cikinsu. Bakteriyar ce da kanta ta saka shi tun zamanin da ba wanda ya san ɗakin gwaji, mutane kuma suna ci dubban shekaru. Ban ce wannan ya halasta duk abin da za a yi ba. Na ce dai tsallakawar gado daga bakteriya zuwa tsiro ba mu muka ƙirƙiro ta ba, tarar da ita muka yi.

Gaskiya_Ɗaya:
Abin da ya faru da kansa daban, abin da mutum ya yi da nufi daban. Shi mutum za a tambaye shi. Kuma idan irin wannan furen ya barbari na daji fa?

Dr_Saiwa:
Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ainihin wadda hukumomi ke yi kafin su ba da izini, kuma ina tare da kai a kanta. Yarjejeniyar Cartagena da aka amince da ita a 2000, ta fara aiki a 2003, a kan haka aka gina ta. Okid yana da sauƙi ta fuska ɗaya: garin furensa a dunƙule yake, iska ba ta kwasarsa, sai ƙwaro ko hannun mutum. Amma dangin okid sun shahara da karɓar barbara daga jinsin da ba nasu ba, don haka a ƙasar da 'yan'uwansa na daji suke, dole a yi taka-tsantsan. Ba na goyon bayan a fitar da komai daga ɗakin gwaji ba tare da an auna wannan ba.

ShiruKakeJi:
Jama'a a dawo kan farantin baiwar Allah, ita dai yauƙi ke cinye mata aiki.

TsohonLab:
Madalla. To batun wanki. Yaya kike wankewa 'yata?

Mai_Kwalba:
Sau 2 da tsaftataccen ruwa, sai in ɗora.

TsohonLab:
Bai isa ba. Ki ɗauki dunƙulen ki kalle shi a madubin ƙara girma, za ki ga duk lunguna ne da tsaga, can take ɓuya. Ki wanke sau 5 ko 6 kina girgiza kwalbar a hankali har ruwan ya fito garau, na ƙarshen ki sa sefotaksim 500 ki bar su ciki minti 20 ko 30. Sannan ki shanya su a kan busasshiyar takardar tace su tsane sosai. Jiƙaƙƙen dunƙule a kan faranti gayyata ce. Ko a lokacin haɗuwar ma ki shimfiɗa takardar tace a saman abincin ki jera su a kai, tana rage mata gudu ƙwarai. Kaurin ruwan bakteriyar kuma ki sauke zuwa 0.4 ko 0.5, tsomawa minti 20 ya wadatar.

Sefotaksim kuma ba ya jimiri. Haske da zafi suna kashe ƙarfinsa. Duk kwana 10 ki canza faranti ko da ba ki ga komai ba. Kin ce a kwana na 10 yauƙin ke fitowa, to ai lokacin maganin ya gaji ke nan.

Tauraro77:
EHA105 ma da kanta taurin rai gare ta, an zaɓe ta ne don ƙarfin kamunta. Mu a wurinmu meropenem ne ya raba mu da ita, miligiram 20 a lita kawai, kuma bai dami tsiron ba. Wasu na amfani da timentin. Kabenisilin kam ki yi hattara, idan ya narke yana fitar da wani abu mai aiki kamar sinadarin girman tsiro, sai ya rikita miki lissafi.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Na ga an ambaci meropenem, ba zan iya wucewa ba. A asibiti wannan maganin na ajiya ne, sai ciwo ya gagari sauran ake fito da shi. Don girman Allah duk wanda ya yi aiki da shi a faranti ya zubar ta hanyar da doka ta tsara, kada a tuttule ruwansa a magudana. Ƙwayoyin cuta da suka saba da shi su ne ke ba mu wahala a gadon marasa lafiya.

Dr_Saiwa:
Gaskiya kika faɗa Sista. Ruwan wanki, faranti, takardar tace, komai sai ya shiga tukunyar turarawa a digiri 121 na aƙalla minti 20, ruwan magungunan kuma a tara shi daban a matsayin sharar sinadari.

@Mai_Kwalba akwai abin da ban ji kin ambata ba. Me kike sa wa abincin don hana baƙin nan? Phalaenopsis in an yanka shi yana zubar da sinadarin da ke rine abinci ya kashe naman.

Mai_Kwalba:
Garin gawayi Dakta, giram 1 a lita. A duk farantan nake sawa, tun daga reno har tankaɗe.

Dr_Saiwa:
Har farantin haɗuwa da na magani?

Mai_Kwalba:
Eh, dukansu.

Dr_Saiwa:
To ƙanwata, ina jin mun kama babban ɓarawon. Gawayi ba ya bambance abin da zai tsotsa. Yana tsotse dafin da raunin ke fitarwa, haka kuma yana iya tsotse asetosiringon da magungunan da kika zuba. Watau a takarda kin rubuta 250, abin da ya rage a abincin Allah kaɗai ya san yawansa. Wannan zai iya bayyana duka biyun, rashin shuɗi a karon farko da dawowar yauƙi daga baya. Ki cire shi daga farantin haɗuwa da na magani. Don baƙin, ki riƙa canza faranti da wuri, ki bar su a duhu ko haske kaɗan makon farko, in kina so ki gwada ɗan sinadarin askobik. Gawayin ya dawo daga baya lokacin fitar da saiwa.

Mai_Kwalba:
Innalillahi. Wallahi takardar tsarin da na gada daga wanda ya riga ni haka ta ce, kuma da na kai koke wurin mai duba aikina cewa kawai aka yi in sake. Ba wanda ya zauna ya karanta abin da ke cikin abincin tare da ni. Na gode Dakta, Allah ya saka da alheri.

TsohonLab:
Takardar ta reno ce aka ba ki, ba ta shigar da gado ba. Haka ake yi wa ɗalibai da yawa. Ƙari ɗaya: kada ki haɗa haigiromaisin tun ranar farko. Naman da aka yanka, aka jiƙa da bakteriya, aka wanke sau 6, a jigace yake. Ki ba shi mako ɗaya ko biyu a kan maganin bakteriya kaɗai ya farfaɗo, sannan ki fara tankaɗe. Kuma kafin nan ki ɗauki dunƙulen da ba su taɓa ganin bakteriya ba ki jera su a 0, 5, 10, 15, 20, 25, 30, ki ga mafi ƙarancin da ke kashe su cikin wata guda. Nau'inki shi zai gaya miki adadinsa, ba takardar wani ba.

ɗan_tambaya:
Mene ne tankaɗe kuma a nan?

Tauraro77:
Tare da ƙwayar gadon da ake so, ana haɗa wata da ke ba tsiro kariya daga wani dafi. Sai a ɗora duka a kan dafin. Wanda saƙon ya shiga ya rayu, sauran su mutu. A okid haigiromaisin aka fi amfani da shi, don kanamaisin da yawansu ba ya ko girgiza su.

Amma Malama ki ji nawa labarin tun kafin ki kai wurin. Na taɓa samun tsiro 14 da suka tsallake tankaɗe, na yi PCR, gwajin neman guntun DNA ɗin, duk suka nuna layi, alamar yana nan. Na yi murna har na rubuta rahoto. Wani babban malami ya ce in sake gwajin ina neman virG, ƙwayar gadon da ke jikin bakteriya kaɗai, ba ta shiga tsiro. 11 suka nuna. Ashe tana nan laɓe a cikin naman, ba ta fito fili ba, ita PCR ɗin ke gani. Ukun da suka rage ne kawai suka tabbata a gwajin Southern, mai nuna ko guntun ya zauna cikin kundin gadon tsiron. Wata 5 na yi ina renon abin da ba shi ba.

Dr_Saiwa:
Shi ya sa filasmid ɗin da take amfani da shi yake da kyau ta wannan fuska. GUS ɗinsa yana da wani guntu a tsakiya da tsiro kaɗai ke iya cirewa, don haka shuɗin da ta gani daga tsiro ne, ba daga bakteriya ba. Sai dai shuɗin kwana 3 na wucin gadi ne, yana nuna saƙon ya shiga ɗakin, bai nuna ya zauna ba. Ga kuma matsalar dabbare-dabbare: dunƙule ɗaya daga ƙwayoyi da yawa yake tasowa, wani ɓangare ya karɓa wani bai karɓa ba, na kusa da mai kariya ya fake a inuwarsa. Maganinsa a yanka wanda ya tsira, ya haifi sababbi a kan dafin, a sake yankawa, zagaye 3 ko fiye.

UwarFure:
Tunda ana maganar shuɗi, a warware min wani abu. Okid shuɗi da ake sayarwa, shi ne wannan da kuke yi? Na taɓa samun ɗaya, da ya sake fure sai ya fito fari fat.

Alƙalami:
Hajiya wannan rini ne aka yi wa allura a kara, in kika duba sosai za ki ga ɗan hujin da aka toshe. Na gaskiyar a Japan aka yi shi. Phalaenopsis ba shi da ƙwayar gadon da ke samar da delfinidin, launin da ke ba furanni shuɗi. Ƙungiyar Farfesa Mii a Chiba tare da kamfanin Ishihara Sangyo suka ɗauko ta daga wata ciyawa mai shuɗin fure, Commelina communis, suka saka. An nuna shi ga jama'a a Okinawa a 2013, amma bai shiga kasuwar Japan ba sai 2022. Ki lissafa tazarar.

UwarFure:
Shekara 9 tsakanin nuni da kasuwa! To ai mu masu reno mun san okid ba ya sauri. Daga kwalba zuwa furen farko ma sai a yi shekara 2 ko 3.

Manomi_A_Zuci:
Yanzu da CRISPR ta zo, ba an huta da wannan bakteriyar ba?

Tauraro77:
Ina! CRISPR almakashi ce ta yanka DNA, sai an sami mai kai ta cikin ƙwayar. A 2017 da aka yi ta a kan Dendrobium officinale a Sin, Agrobacterium ce ta kai. Sanin kundin gadon Phalaenopsis equestris da aka wallafa a 2015 ya sauƙaƙa gano inda za a yanka, amma wankin dunƙule da jiran wata da watanni suna nan yadda suke.

Mai_Kwalba:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan mako 6. Na bi shawarwarinku: ƙananan dunƙule da aka yanka, kauri 0.5, minti 20, takardar tace, kwana 3 a digiri 23, babu gawayi, wanki sau 6, canjin faranti duk kwana 10. A gwajin dafin da Baba ya ce in yi, 15 ya kashe nau'ina kakaf, ashe 25 ɗin ma zalunci nake musu. A kwana na 3 na rina guda 10, 6 suka nuna ɗige-ɗigen shuɗi a gefen yanka. Na daɗe a gaban madubin ina kallo. Faranti 8 cikin 10 tsaf suke har yau, biyu yauƙi ya dawo na turare su. Cikin dunƙule 120 da suka shiga tankaɗe yawanci sun yi fari sun mutu, amma 9 suna da 'yan korayen ƙuraje kamar kan allura a gefensu.

Tambayata yanzu: in yanke ƙurajen in raba su da mataccen naman, ko in bari su ƙara girma?

TsohonLab:
Alhamdulillah. Ki bari su kai kamar milimita 2 tukuna, in kika cire su yanzu ba za su rayu su kaɗai ba. Amma ki riƙa gusar da su zuwa sabon wuri a farantin kada baƙin mataccen ya taru a ƙarƙashinsu. Kowanne ki ba shi lambarsa tun yau, kada ki haɗa 'ya'yan wani da na wani.

Tauraro77:
Ni da zan yanke su yanzu, mataccen naman nan maɓoyar bakteriya ce. Ko ki raba: 4 ki yanke, 5 ki bari, ki gani da idonki.

Dr_Saiwa:
Duk wanda kika zaɓa, kada ki janye maganin bakteriya kafin wata 2 ko 3. Ranar da za ki janye, ki ɗauki ɗan guntu daga kowace lamba ki murƙushe a abincin renon bakteriya marar magani, ki ajiye a digiri 28 kwana 3. In ruwan ya gauraye, tana nan. Ki turo mana hoton faranti biyun da suka lalace ma in kin ɗauka, ina son ganin ko daga gindin dunƙulen yauƙin ya faro ko daga bakin farantin.